Daga Dokin Kuza Zuwa Dodon Roba: Tarihin Fentin Dabbobin Yaƙin Tebur

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa na manya da mai hange daga nesa zai ɗauka na yara ne. Ana shimfiɗa babban tebur, a ƙawata shi da tsaunuka da bishiyoyi da koguna na kwaikwayo, mutum biyu su jera rundunoninsu na 'yan mutum-mutumi waɗanda tsayin kowanne bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Da tef ɗin awo ake auna tafiyar runduna, da ɗan lido ake yanke wanda ya faɗi da wanda ya tsira. Galibin waɗannan mayaƙa ba a sayar da su da launi. Mai su ne zai zauna da siririn buroshi ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu babu masu cin lokaci kamar dabbobi da dodanni: giwayen yaƙi, kerketai, manyan gizo-gizo, da diragon, macijin nan mai fuka-fuki da aman wuta na tatsuniyoyin Turawa. Su ne suka fi makara wajen hawa teburin, amma su ne suka mayar da aikin buroshin ya zama fasaha.

Kafin a yi wasan

Tsofaffin 'yan sojojin da aka sani da launi a jikinsu ba don wasa aka yi su ba. A kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a Asyut ta ƙasar Masar, wanda ya rayu wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an tarar da rukuni biyu na sojojin katako: masu masu 40 da maharban Nuba 40, garkuwoyin an yi musu zanen fatar saniya mai roɗi-roɗi. Kayan rakiyar mamaci ne. Dabba kuwa ta fara taka allon yaƙi ne a Indiya wajen ƙarni na 6, a wasan chaturanga, kakan wasan ces, inda giwa da doki suke cikin sassa huɗu na runduna.

A fadojin Turai 'ya'yan sarakuna sun yi wasa da sojojin azurfa da na kwali. Labarin da aka fi yawan maimaitawa shi ne na Peter na Uku na Rasha, tun kafin ya hau gadon sarauta a 1762. An ce wani ɓera ya hau ganuwarsa ta kwali ya cinye masu gadi biyu, Peter ya yi masa shari'ar soja, ya sa aka rataye shi. Sai dai labarin daga bakin matarsa Catherine ya fito, a littafin tarihin rayuwarta, kuma ita ce ta hamɓarar da shi daga mulki. Shaidar wadda ta ƙwace wa mutum karaga, a saurare ta da kunne ɗaya.

Nuremberg, daga shekarun 1770

Abin da yake rubuce a sarari ya fara ne a birnin Nuremberg na Jamus. Maƙeran kuza na garin sun koyi sassaƙa siffa a jikin falankin dutse guda biyu, su haɗa su, su zuba narkakkiyar kuza, sai siffa ta fito falle ɗaya, sirara kamar kwabo, tsaye a kan ɗan gindi. Johann Gottfried Hilpert shi ne wanda sunansa ya fi fita a shekarun 1770, kuma bai tsaya ga sojoji ba. Ya zuba dabbobin daji da jerin birai iri-iri, domin a lokacin masu hali suna sha'awar koya wa 'ya'yansu ilimin halittu. A 1839 Ernst Heinrichsen ya kafa masana'antarsa a garin, kuma wajen tsakiyar ƙarnin aka daidaita tsayin soja a kan kimanin milimita 30. Wannan daidaito ne ya sa dokin wannan maƙeri zai iya tsayawa kusa da sojan wancan ba tare da ɗaya ya zama ƙato ɗaya wada ba.

Fentin fa? Ba mai saye ke yi ba. Ana rarraba kayan ne gida-gida, mata da yara su shafa launi a biya su gwargwadon yawan da suka gama. Mai neman abin kai wa bakin salati ba ya tsayawa gyara idon doki.

A daidai wannan zamani wasan kansa yana tasowa ta wata hanya daban. Johann Hellwig ya wallafa dokokin wasan yaƙi a Braunschweig a 1780. Georg von Reisswitz ƙarami, hafsa a rundunar Prussia, ya gyara wanda mahaifinsa ya ƙirƙiro ya gabatar wa manyan hafsoshi a 1824, aka karɓe shi a matsayin horo. Amma a Kriegsspiel, kamar yadda suke kiransa, babu doki babu mutum: 'yan gutattsarin ƙarfe ne ja da shuɗi a kan taswira, da alƙali a tsakani. Bayan Prussia ta doke Faransa a 1870 zuwa 1871, sauran rundunonin Turai suka kwaikwaya. Wato kusan shekara ɗari, masu dokoki ba su da siffofi, masu siffofi ba su da dokoki.

1893 da 1913

Ingila ce ta haɗa su. A 1893 kamfanin William Britain a Landan ya fito da dabarar zuba dalma a mazubi sannan a tsiyaye ta tsakiya tun ba ta daskare ba, siffar ta fito da rami a ciki. Ƙarfe kaɗan, nauyi kaɗan, farashi ƙasa da na Jamusawa. Sahun farko da suka fitar mahayan dawakin fadar Ingila ne, a tsayin milimita 54, da fentin mai mai sheƙi. Da irin waɗannan ne marubuci H. G. Wells ya yi wasa a daɓen ɗakinsa da farfajiyar gidansa, ya kuma wallafa Little Wars a 1913, littafin da ya kai wasan hannun farar hula. A dokokinsa ana harbin sojoji ne da wata 'yar igwa mai sifirin, ta jefa ɗan katako ta kayar da su. Wanda za a yi ta jifan kayansa ba zai ɓata dare yana yi musu ado ba.

Shekara ɗaya bayan littafin aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da aka gama, iyaye da yawa suka ƙi jinin sayen soja wa yaro, sai kamfanin William Britain, wato Britains, ya juya ga dabbobi: jerin kayan gona a farkon shekarun 1920, shanu da tumaki da dawakin huɗa, sannan jerin dabbobin gidan zu wajen 1930. Babu wanda ya yi tunanin yaƙi da su a lokacin. Amma shagunan kayan wasa sun cika da ƙananan dabbobi masu arha, kuma wannan zai yi rana nan gaba.

Zamanin doki: 1956 zuwa 1970

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne mai wasa ya fara riƙe buroshi da kansa. Tony Bath a Southampton ya rubuta dokokin yaƙin zamanin da a 1956. Jack Scruby a California ya fara zuba ƙananan sojoji yana sayarwa ba fenti, ya kuma kafa mujallar War Game Digest a 1957. Donald Featherstone, shi ma a Southampton, ya fitar da littafinsa War Games a 1962. Kamfanin Airfix ya cika kasuwa da kwalayen sojojin roba masu arha, Humbrol ta garin Hull kuma da 'yan gwangwanayen fentin mai.

Waɗannan mutane masu bin diddigin tarihi ne, kuma fenti a wurinsu amsa jarrabawa ce. Rigar wace bataliya ce ja, wuyan rigar wane launi, maɓallan fari ne ko rawaya, duk akwai littafin da ya faɗa. Wanda ya kuskure, abokin wasa zai nuna masa da yatsa. Dabba ɗaya ce ta dame su, doki, saboda rundunar zamanin Napoleon tana iya cin dawakai ɗari. Suka samo dabara: a shafa wa dokin launi mai haske ya bushe, a lulluɓe shi da fentin mai mai duhu, sannan a goge da ƙyalle. Duhun ya maƙale a lungunan tsoka, hasken ya fito a ƙugu da kafaɗa. Da wannan ake gama garke guda a zama ɗaya, duk kusan kala ɗaya. Bahaushen da ya san akawal da kili da bidi da danda da ƙyar zai kira su dawakai. Daga baya dai, da sha'awa ta faɗaɗa zuwa yaƙe-yaƙen Afirka, an zuba har barade masu lifidi irin na Borno da ƙasar Hausa.

Giwar yaƙin Hannibal, jagoran mayaƙa na zamanin da, ita ce babbar dabbar da masu tarihi suka yarda da ita. Tony Bath ya ɗan leƙa waje, domin ya gina doguwar gasar yaƙinsa a kan Hyboria, ƙagaggiyar duniyar labaran Conan na Robert E. Howard, amma rundunoninsa na mutane ne. A 1966 kuma dokokin kare lafiyar yara suka sa Britains ta daina zuba kayan wasa da dalma. Siffofin manya masu wasan yaƙi ba su shiga wannan hani ba, suka ci gaba da dalmarsu har kusan shekara talatin.

1971: dodo ya shigo ta ƙofar baya

Littattafan almara na marubuci Tolkien sun game jami'o'in Amurka a ƙarshen shekarun 1960. A 1970 wani ɗalibi, Leonard Patt, ya wallafa gajerun dokoki na yaƙi a duniyar Tolkien a wata 'yar mujallar masu wasa ta yankin New England. A 1971 Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙin tsakiyar zamani, da ɗan ƙarin shafuka a ƙarshe na matsafa da ƙattai da diragon. Dattawan wasan suka yamutsa fuska. Matasa kuwa ƙarin shafukan suka sa su sayen littafin, kuma daga waɗannan shafukan ne Dungeons & Dragons ya fito a 1974, aikin Gygax da Dave Arneson.

Matsalar ita ce dokoki sun ambaci dodanni, amma babu maƙerin da ke zuba su. Sai aka koma shagon kayan wasan yara. Gygax da kansa ya ba da labarin yadda ya ɗauki dainoso na roba ya yi masa fuka-fuki ya shafa masa ja ya zama diragon. Akwai kuma labarin da Tim Kask, editan farko na mujallar Dragon, ya sha bayarwa: wai a cikin wata ledar dabbobin roba masu arha da aka yi a Hong Kong aka sami wasu halittu da ba su yi kama da komai ba, aka ƙirƙira musu suna da hali. Daga nan, in ji shi, aka sami dodon da ke mayar da ƙarfe tsatsa, da mai kan mujiya da jikin beyar, da bulette mai ninƙaya a cikin ƙasa. Yadda zancen ya gudana a kan tebur, ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ce shaida bayan shekaru masu yawa. Amma kayan robar suna nan a hannun masu tarawa, kuma wanda ya ajiye su kusa da zanen littafin Monster Manual na 1977 zai ga kamar ba ta ɓuya.

A nan ne aikin buroshi ya sauya. Babu littafin da ya faɗi launin diragon. Mutumin da ya saba kwafe rigar soja daga shafi ya wayi gari da halittar da ba ta da yunifom, kuma idan ya shafa mata kore ɗaya daga kai har wutsiya, abin wasan yara za ta koma. Dole ya nemi wani malami, kuma bai sami wanda ya wuce dabba mai rai ba: fatar kada, cikin ƙadangare, fiffiken jemage da ake ganin jijiyoyi idan haske ya ratsa shi, ƙahon rago mai duhu a tushe da haske a tsini. Tun 1909 littafin da ya yaɗa binciken mai zane Abbott Thayer ya bayyana cewa yawancin dabbobi bayansu duhu ne cikinsu fari, don inuwa ta daidaita su ɓace wa mai farauta. Masu fenti suka ari wannan ƙa'ida, har yau da ita ake gane wanda ya kalli dabba kafin ya tsoma buroshi.

Masassaƙa da fentin ruwa: 1975 zuwa 1987

Kasuwa ta buɗe, maƙera suka shigo. A 1975 aka kafa Ral Partha a Cincinnati da Grenadier a Pennsylvania. Masassaƙin Ral Partha, Tom Meier, yaro ne ɗan shekara 16, kuma shi ake danganta wa yaɗa amfani da wani danƙo mai zubi biyu, shuɗi da rawaya, wanda idan an cuɗa shi yake komawa kore ya sandare. Amfaninsa biyu ne: yana karɓar zane siriri kamar silin gashi, kuma yana jure zafi da matsin da ake gasa mazubin roba da su. Daga nan kerkeci ya sami gashi na gaske, diragon ya sami ɓamɓaroki ɗaya-ɗaya.

A Ingila, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson sun kafa Games Workshop a Landan a 1975, mujallarsu White Dwarf ta fito a 1977, kuma a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin ya haɗa kai da Bryan Ansell aka kafa Citadel Miniatures a Newark. Ansell ɗan kasuwa ne. Ya lura mai wasan Dungeons & Dragons dodo ɗaya yake saye, mai wasan yaƙi kuwa runduna yake saye. Warhammer, wanda ya rubuta tare da Richard Halliwell da Rick Priestley a 1983, an yi shi ne don a sayi dodanni da yawa. Warhammer 40,000 ya biyo baya a 1987. Games Workshop ta tare a Nottingham, har yankin ya zama cibiyar wannan sana'a a duniya.

A tsakiyar shekarun 1980 fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, ya ture fentin mai. Na mai yana wari, yana kwana bai bushe ba, sai da tina ake wanke buroshinsa. Na ruwa cikin 'yan mintuna ya bushe, don haka ana iya ɗora shafi a kan shafi a zama ɗaya. Dabaru biyu suka zama ruwan dare, kuma dukkansu dabba ce ta fi amfana. Ta farko, a tsinka launi mai duhu ya zama ruwa-ruwa a malala shi a jikin siffa, ya gangara ya kwanta a ramuka ya yi inuwa. Ta biyu, a tsoma buroshi a launi mai haske, a goge shi a takarda har ya kusa bushewa, sannan a share jikin siffar da shi sama-sama, ya taɓa tudu kawai ya bar kwari. A kan rigar soja mai santsi wannan dabara ƙura-ƙura take bari. A kan gashin zaki kuwa, ɗan koyo ma sai ya fito kamar gwani.

John Blanche, mai zanen Games Workshop, ya riƙa nuna aikin fenti a shafin 'Eavy Metal na White Dwarf, da launukansa na ƙasa-ƙasa masu datti da tsatsa. A 1987 aka fara gasar Golden Demon, wanda ya fi kowa a ba shi takobi na gaske, kuma Ivan Bartleet ne ya fara ɗauka. Tun daga farkon shekarunta dodanni suna da rukuninsu. Wannan gasa ta haifar da mutanen da ke fenti ba don su yi wasa ba.

Dalma ta tafi, Faransawa suka zo

Farkon shekarun 1990 zamanin launi mai ƙara ne, ƙarƙashin jagorancin masu fenti irin su Mike McVey: ja jawur a kan kowane farce da makami, gindin siffa kore shar. Har yau tsofaffin 'yan wasa na kiransa zamanin ja. A ganina ya koya wa mutane tsaftar aiki, amma ya nisanta dodo da dabbar da aka aro shi daga gare ta.

A 1993 hukumar lafiya ta jihar New York ta yi yunƙurin hana sayar da siffofin dalma. Daga baya an sassauta, amma kamfanoni sun riga sun tsorata. Ral Partha ta koma wani haɗin kuza marar dalma a shekarar, Games Workshop ta bi sahu a 1997. Farashi ya tashi, ƙarfen ya fi tauri wajen yanka da lanƙwasawa, kuma babban diragon na ƙarfe dama fitina ne: sai an huda an sa masa ƙusa a kowace gaɓa, in ba haka ba fiffike ya ɓalle ana tsakiyar wasa. Wannan ya tura manyan dodanni zuwa rezin, daga baya zuwa roba mai tauri da ake haɗawa da gam.

Sabon salo daga Faransa ya zo. Kamfanin Rackham, da wasansa Confrontation na ƙarshen shekarun 1990, ya nuna manyan mayaƙa masu kan kerkeci da fenti mai laushi, launi na narkewa cikin launi ba a ganin mahaɗa, takubba kuma an yi su da toka da fari da shuɗi ba tare da fentin ƙarfe ba, yadda masu zanen allo suke yi tun da. Vallejo ta Sifaniya ta samar da fenti a 'yan kwalabe masu ɗigo. Rackham ta rushe a 2010, amma salonta ya riga ya bi intanet ya game duniya, kuma manyan gwanayen gasa na shekarun da suka biyo baya da yawansu daga Faransa da Sifaniya da Italiya da Poland suka fito.

Daga 2000 zuwa yau

Hanya ta rabu biyu. Gwanaye suna kwashe watanni a kan dodo ɗaya, suna zana gashi sili-sili, suna fesa launi da 'yar bindigar iska, suna kwaikwayon hasken wuta a ƙirjin diragon. Mai wasa na yau da kullum kuwa so yake ya gama ya je tebur. Kamfanoni suka yi ta neman kuɗinsa. Mage Knight a 2000 da jerin siffofin Dungeons & Dragons a 2003 sun zo da fenti tun daga masana'antun China, wato an koma tsarin Nuremberg da wasu hannuwa. The Army Painter ta Denmark, wadda aka kafa a 2007, ta sayar da gwangwanin da ake tsoma siffa ɗungurungum a fito da ita da inuwa. A 2019 Games Workshop ta fitar da Contrast, fentin da shafa ɗaya a kan farin shafen farko yake ba da launi da inuwa tare. Masu tsattsauran ra'ayi sun kira shi ha'inci, amma dabarar dokin 1960 ce aka zuba a kwalba, kuma a kan gashi da ɓamɓaroki ta fi kyau.

Yawan kaya ma ya sauya. A 2012 kamfanin Reaper na Texas ya nemi tallafin masu saye a dandalin Kickstarter don jerin Bones na roba mai laushi, ya tara fiye da dala miliyan 3.4, dodon da a ƙarfe sai mai hali ya zama na kowa. Kingdom Death: Monster, wasan da mafarauta ke fuskantar dodo ɗaya tak, wanda na farkonsu farin zaki ne, ya tara fiye da dala miliyan 12 a zagayensa na biyu da aka buɗe a ƙarshen 2016. Sannan injinan ɗab'i masu fitar da siffa daga ruwan rezin suka yi arha har suka shiga gidaje. Yanzu masassaƙi yana aikinsa a kwamfuta, ya sayar da fayil, mai saye a wata nahiya ya buga diragon cikin dare. Games Workshop, wadda ta fara da mutum uku a wani ɗaki a Landan, ta shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin birnin a Disamban 2024, kuma har yanzu a Nottingham take zuba robarta, launin toka, ba fenti.